Hannun Hansai

In ka shiga Abakpa ka tambayi gidan Datti mai goro, har gobe za a nuna maka, ko da yake Datti ya riga mu gidan gaskiya. Wadda za ka tarar a ciki matarsa ce, Hansai, gajeruwa, baƙa, ta haura sittin amma tafiyarta ta fi ta wasu 'yan mata sauri. Haƙoranta jajaye ne irin na wanda ya yi rayuwarsa cikin goro, kuma ba ta taɓa jin kunyarsu ba. In dariya ta kama ta sai ta buɗe su duka, wanda bai so ya kau da kai.

A nan Kaduna aka haife ta. Ubanta tela ne a bakin Babbar Kasuwa, su biyu ne kuma a ɗakin uwarsu, ita da ƙanwarta Jamila. Duka an sa su makaranta. Hansai ta tsaya a firamare, ba don wani ya hana ta ba, ita ce da bakinta ta ce zaman benci yana sa mata ciwon baya. Jamila kuwa ta zarce har ta zama ma'aikaciyar ɗakin awo a wani asibitin gwamnati, inda ake duba jini da kaki da sauran abubuwan da ba a faɗa a gaban abinci. Tun suna yara Hansai ke kiranta 'yar boko, ita kuma tana kiran Hansai Yaya mai taurin kai, kuma babu wadda ta yi wa 'yar'uwarta ƙarya.

Datti ma ita ta zaɓe shi, a lokacin da masu rumfa da masu babur ke sintiri a ƙofar gidansu. Shi ba shi da komai sai hannunsa. Sana'arsa gyaran goro, kuma wanda bai san goro ba zai raina ta. Goro yana zuwa daga kudu ne a huhu, wato ƙaton ƙunshi da aka lulluɓe da ganyen fita aka tamke da igiya. Abu ne mai rai, yana numfashi, yana gumi, in aka manta da shi a huhu sai ya yi fushi ya lalace. Dole lokaci-lokaci a kwance shi, a zube, a tsince wanda tsutsar sankara ta huda, a ware manya daga ƙanana, a sa sabon ganye a sake ɗaurewa. Manyan 'yan goro ba su da wannan haƙurin, sai su ɗora wa Nuhu mai kura ya turo gidan Datti.

Datti yana da wani gwado, saƙar hannu, mai kauri, da ya saya a Zariya tun yana saurayi. Shi yake shimfiɗawa a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya yayyafa masa ruwa, ya zube goro a kai, ya jawo gefe guda ya rufe don kada iska ta busar da shi. Ranar Juma'a ba ya aiki. Da safe zai dafa ruwa ya wanke gwadon, ya shanya a kan katanga, sannan ya yi wanka ya tafi masallaci. Hansai takan yi masa tsiya ta ce da rigarsa na samun rabin gatan gwadon nan, da shi ne ɗan gayun Abakpa. Shi dai murmushi kawai yake yi, don ba mai yawan magana ba ne. A gefen gwadon nan ta koyi aikin, ta goyi 'ya'ya, ta yaye su, ta aurar da su, suka watse garuruwa, aka bar su su biyu da goro.

Rasuwarsa ta zo ne a farkon damina, ba tare da wata jinya ba. Da hantsi yana kan aiki, ya gama ɗaure huhu, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Da aka fara cika gida, Hansai ta ga ana taka gwadon, sai ta sunkuya ta naɗe shi yadda yake, da danshinsa, ta tura cikin tsohuwar adaka ta rufe. Ta shiga takaba, ruwa na zuba a kan kwano, ganga na tsatsa, bango na tsatsafo, ita kuma ba ta ko kalli adakar ba, don ta san in ta buɗe ba za ta iya riƙe kanta ba.

Da ta fita takaba, 'ya'yanta suka so ta zauna su ciyar da ita. Ta ce ba ta gurgunce ba. Ta aika wa Alhaji Tijjani, babba a cikin 'yan goron da ke hulɗa da mijinta, cewa gidan Datti bai rufe ba. Alhaji Tijjani mutum ne mai jiki, mai son a ce yana da tausayi, sai ya turo huhu. Ranar ce ta buɗe adaka. Gwadon ya ɗan yi duhu a wajen ninki, amma warin Datti na nan daram, gumi da ɗanyen ganye da ɗan turaren da yake shafawa. Ta kakkaɓe shi, ta shimfiɗa, ta yayyafa ruwa, ta zube goro. Wankewa kuwa ko a ranta ba ta zo ba. Wa zai wanke abin da ya rage masa na mutum?

Aikin ya yi kyau, kowa ya yaba. Amma ba a daɗe ba Alhaji ya kwance huhun a rumfarsa ya tarar da ɓarna: goro ya yi tabo baƙi-baƙi, in an fasa sai a ga cikin ya yi duhu ya ƙandare, ga wani farin abu kamar auduga yana bin ganye. Aka ce tsautsayi ne. Huhu na biyu ya dawo, haka. Na wani ɗan kasuwar da shi ma ya turo mata, haka. Wanda bai biyo ta Abakpa ba kuwa lafiya lau.

To, ka san mutanenmu. Ba a taɓa rasa mai bayani ba, kuma mai bayanin ba ya taɓa gajiya da tafiya. Wani ya ce tun da Datti ya mutu hannunta ya juya. Wata ta ce ai ba a yi mata wankan fita takaba yadda ya kamata ba. Kafin maganar ta zagayo Abakpa ta yi ƙiba, har an fara tambaya a ƙasa-ƙasa wai shin ma mene ne ya kashe Datti, mutum lafiyayye da hantsi. Abin haushin shi ne masu faɗin haka su ne suka cinye mata shinkafar sadaka, suna kuka har da majina.

Hansai ba ta ji da kunnenta ba sai a gidan suna. Maƙwabciyarta Indo ta yi jika, kuma shekara da shekaru a layin nan in ana rabon goro a cikin mata, Hansai ake miƙa wa faranti. Ranar sai ta ga faranti ya taso ya nufo ta, ya yi kwana, ya faɗa hannun wata. Da ta miƙa hannu a ba ta jaririya, Indo ta ce barci take yi, alhali idon yarinya a buɗe tar. Hansai ta ji abin har cikin ƙashinta. Ta tashi ta gyara mayafi, ta yi wa mai jego addu'a da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta fita ba ta ci komai ba.

Washegari ta hau napep sai layin 'yan goro. Ta tarar da Alhaji Tijjani a kan buzunsa, 'yan kasuwa kewaye da shi. Bayan gaisuwa ta ɗauki ruɓaɓɓen goro ɗaya daga kwandon da ya ware, ta juya shi, ta miƙa masa don ya ga inda tabon ya faro. Alhaji ya janye hannunsa cikin riga.

"Ajiye a nan ƙasa, Malama Hansai, ina gani."

Ta dube shi, ta dubi hannun nata, ta ƙi ajiyewa.

"Alhaji, hannun nan ya sha ba ka ruwa a zauren gidana. Yau shi ne ba ka taɓawa?"

"Ni ban ce komai ba. Amma abin da ido ya gani ba a musunsa. Duk huhun da ya shiga gidanki ya ruɓe."

"Duk huhun da ya shiga gidana kurar Nuhu ya hau. Ka ce kura ce mana. Ruwan famfon layinmu ya sha, ganyen da ka aiko da shi aka sa masa, a ɗakina ya kwana. Duk ka tsallake waɗannan, sai hannun matar da mijinta ya mutu, don ita ce ba ta da mai tsaya mata. Wallahi sai ka kawo shaida, in ba ka da ita ni zan kawo."

Ta ƙulle goron a bakin zani ta juya. Tana jin wani yana cewa taurin kan nan ne ma ya sa ake tsoronta, ba ta waiwaya ba.

Daga nan Unguwar Dosa ta wuce, gidan Jamila. Ta tarar da ita ta dawo daga aiki tana cire takalmi. Jamila ta saurara har ƙarshe, ta sa tabarau, ta fasa goron da wuƙa ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, wannan ya yi kama da funfuna."

"To shi ke nan! Tashi mu je ki faɗa musu."

"In faɗa musu me? Na ce ya yi kama. Ganin funfuna a kan ruɓaɓɓen goro ba shi ke nuna ita ta ruɓar da shi ba. In kin tarar da mutum a gidan da aka yi sata, ƙila shi ne ɓarawon, ƙila kuma jaje ya zo. Abin da suka yi miki ke nan, ni ba zan yi wa funfuna ba."

Hansai ta ce ita ba ta taɓa ganin mai kare mutuncin funfuna ba sai 'yar boko. Jamila ta yi dariya, sannan ta zauna ta yi mata bayani. Ta ce tun zamanin da, wani likita a ƙasar Jamus ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a ɗora wa ƙwayar cuta laifin wata cuta, kuma da su aka fara koya musu aiki. Da farko sai an same ta a jikin duk wanda ya kamu, a rasa ta a jikin mai lafiya. Sannan a ciro ta a rene ta ita kaɗai, ba gauraye da wasu ba.

"A rene ta? Kamar akuya?"

"Kamar akuya, Yaya, har da abinci. In ta girma sai a sa wa mai lafiya, a ga ko ciwon nan dai zai fito, ba wani ba. In ya fito, a sake ciro ta daga jikinsa a duba ko ita ce dai wadda aka sa. A kan mutum ba a iya cika su duka, don ba wanda zai ɗauki cuta ya sa wa ɗan'adam da gangan, kuma akwai mai yawo da ƙwayar cuta a jikinsa yana lafiya garau. Amma goro ba shi da dangi da za su kai mu ƙara."

Hansai ta ce a fara gobe. Jamila ta cire tabarau ta dube ta sosai.

"Tsaya ki ji. Wannan hanyar ba ta san yaya ba, ba ta san ƙanwa ba. In ta biyo ta faɗo a kanki, ba zan iya karkatar da ita ba."

"In ta faɗo a kaina ni zan faɗa musu da bakina. Amma sai ta faɗo, ba Indo ce za ta turo ta ba."

Haka ɗakin goron Datti ya koma ɗakin awo. Suka tara kwalaben zuma masu faɗin baki, suka dafa su da murafensu. Abincin funfunar kuwa dankalin Turawa ne, a yanka fale-fale a dafa a jefa cikin kwalba. Jamila ta nuna mata yadda za ta ƙona reza a wuta ta bar ta ta huce, ta goge bayan goro da sifirit, ta yanko ɗan ƙanƙani daga bakin tabon, daidai inda baƙi ya haɗu da lafiyayye, ta ɗora a kan dankalin ta rufe da sauri ba tare da ta yi magana a kai ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba Hansai wahala.

Suka yanko daga goron Alhaji, da na ɗayan ɗan kasuwar, da kuma lafiyayyen da Jamila ta sayo a wata rumfa dabam. Bayan 'yan kwanaki kwalaben ruɓaɓɓen goro duk suka yi farin gashi, ya koma toka-toka, ya koma baƙi. Na lafiyayyen kuwa dankali ne kawai yana zaune. Wata kwalbar ta fito da kore-kore a gefe, Jamila ta ce baƙo ne ya faɗo daga iska, ta sa aka tsinci farin gashin kaɗai da bakin allura aka mayar sabuwar kwalba, aka sake, har ya zama babu kowa a ciki sai shi. Ta nemi izinin shugabanta ta kai ɗan kaɗan wurin aiki ta duba a madubin likita, ta ɗauko wa Hansai hoto a waya: zare-zare da wasu 'yan ƙwayaye masu duhu, kowanne da ɗamara a tsakiya. Hansai ta daɗe tana kallo, ta ce ashe wannan ɗan banzan ne ya hana ta ɗaukar jikar Indo.

"Ba mu sani ba tukuna," in ji Jamila. "Saura biyu."

Sharaɗi na ukun Hansai ta ce ba a gidanta za a yi ba, don in a gidanta ne za a ce ta tofa wani abu. Ranar Asabar suka ɗauki kwalabe a daro suka sauka a gaban rumfar Alhaji Tijjani. Ya so ya kore su, amma 'yan kallo sun riga sun taru, kuma mai son a ce yana da adalci ba ya korar tsohuwa a gaban jama'a. Hansai ta sa ya kwance sabon huhu da bai taɓa ganin Abakpa ba, ya zaɓi goro da hannunsa, ya kasa uku. Kashi ɗaya shi da kansa ya tsoma allura a funfunar ya sossoka musu. Kashi na biyu ya soke su da allurar da aka ƙona, ba a tsoma ta a komai ba. Na ukun Hansai ta wanke hannu da sabulu, ta ɗebe su, ta murza su ɗaya bayan ɗaya a tafinta, tana kallon mutanen nan ido cikin ido, har ta hura musu iska don kada a ce ta rage wani abu. Aka zuba kowane kashi a kwalbarsa.

"A rumfarka za su kwana, Alhaji. Ka kulle da makullinka. In aljanuna sun iya buɗe kwado, sai ka ƙara wannan a cikin labarin."

Wasu suka yi dariya, Alhaji bai yi ba.

Da suka koma gida Jamila ta ce ko an kama ɓarawo, saura a san ta inda yake shigowa, in ba haka ba gobe ma zai dawo. Suka sake dafa kwalabe. Hansai ta danna yatsunta a kan dankali ɗaya, aka ɗiga ruwan famfo a wani, aka sa guntun sabon ganye a wani, aka kankaro ƙasar ɗaki da katakon kurar Nuhu. Sun gama ke nan Jamila ta nuna gwadon da ke ninke a kan adaka.

"Wannan fa?"

"Wannan na Malam ne. Shekara nawa yana aiki da shi goro bai taɓa ruɓewa ba?"

"Yaushe rabon da a wanke shi?"

Hansai ta kau da kai. Jamila ba ta sake tambaya ba, ta sa almakashi ta yanko zare ɗaya daga wajen ninkin ta jefa a kwalba.

Bayan 'yan kwanaki, Hansai ce ta fara gani, da safe, ita kaɗai. Kwalbar yatsunta ba komai sai ɗan ɗigo-ɗigo da Jamila ta riga ta ce kowane hannu yana da su. Ruwa ba komai, ganye da ƙasa da katako 'yan kore-kore ne marasa kama da wanda ake nema. Kwalbar zaren kuwa ta cika da farin gashi har murfi, gindinsa ya fara komawa toka. Ta zauna a bakin ƙofa da kwalbar a cinya. Sai a lokacin ta gane abin da Datti ke yi duk safiyar Juma'a, wanda ita ta ɗauka tsabar son gwado ne. Ta tuna ranar da ta naɗe shi da danshi, ya kwashe damina guda a rufe. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu yi ba ranar rasuwa saboda cikar gida.

Da Jamila ta zo ta duba, ta tabbatar a madubi, sai tausayi ya kama ta. Ita da ta ce hanyar ba ta san yaya ba, ita ce ta fara neman karkatar da ita.

"Yaya, ba sai kin faɗa musu ba. Kwalaben kasuwa za su wanke hannunki, ya isa. Mu dafa gwadon a nan cikin gida, ba wanda ya ji. In kika ce daga gidanki ne, masu baki za su ce ai dama mun faɗa."

"Su ce. Ni na tsaya a tsakiyar kasuwa na ce a kawo shaida. Yanzu shaida ta zo ba ta yi mini daɗi ba, sai in sa ta a adaka? Ai na zama su."

Ranar da suka koma kasuwa, layin 'yan goro ya cika har da masu albasa. Alhaji ya buɗe kwado da hannunsa ya fito da kwalabe. Goron da aka sa wa funfuna ya yi baƙin tabo daga bakin hudar, da aka fasa cikin ya yi duhu ya ƙandare, sak irin na huhunan da suka lalace. Wanda aka soka da allura mai tsabta lafiya lau. Wanda Hansai ta murza kuwa yana ta ƙyalli kamar yanzu aka ɓare shi. Jamila ta yanki ɗan tabon sabuwar ɓarnar ta sa a kwalba, ta ce saura sharaɗi na ƙarshe, sai ya tsiro an ga shi ne dai. Daga baya ya tsiro, kuma shi ne. Amma a ranar ba wanda ya tsaya jiransa, ido ya riga ya gani.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce to alhamdulillahi, dama shi bai taɓa cewa komai ba, ƙila daga kudu aka kawo abin a ganye. Mutane suka fara gyaɗa kai, don laifin da aka tura kudu ba ya cin kowa. Jamila ta taɓa mayafin yayarta alamar su tafi. Hansai ta sunkuya ta yaye zanin da ta rufe daro da shi, ta fito da gwadon, ta ɗora kwalbar zaren a kai.

"Ba daga kudu ba ne, kada a ɗora wa wanda ba ya nan. Daga gidana ne. Ga shi, gwadon Malam, duk kun san shi. Shi yana dafa shi duk Juma'a, ni na ƙi wankewa don warinsa na jiki. Ganganci ne, nawa ne, kuma ku aka yi wa ɓarna, ku yafe ni. Wannan na ɗauka. Amma cewa hannuna mugu ne, ko ni na ci mijina, wannan ba zan ɗauka ba, ko a gaban wa."

Mutanen da suka san Datti suka sunkuyar da kai, Nuhu mai kura ya share ido da hularsa. Hansai ta buɗe kwalba ta uku, ta ɗauki goro ɗaya daga waɗanda ta murza, ta fasa shi biyu da babban yatsa, ta jefa rabi a baki. Ɗaya rabin ta miƙa wa Alhaji Tijjani a tafin hannunta.

"Karɓi, Alhaji. Ba zan ajiye a ƙasa ba."

Ya dubi hannun, ya dubi jama'a. Ta bar hannun a miƙe. Can ya fito da nasa daga cikin riga ya ɗauka, ya sa a baki ya tauna, ya ce a yi haƙuri, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba. Ya sake faɗa yadda masu albasa ma suka ji.

Ta bari sai Juma'a. Da safe ta hura wuta a tsakar gida ta ɗora babbar tukunya. Jamila ta zo ta ce ta kawo ita ta yi mata, Hansai ta ce ba wanda zai taɓa. Da ruwa ya tafasa ta ɗauki gwadon ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka, Jamila ta juya baya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta tura shi cikin tukunya da muciya, ta danne, ta bar shi ya dahu. Ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ta shanya a kan katanga daidai inda Datti ke shanyawa. Indo ta leƙo ta kan katangar, jaririya a kafaɗa, tana ta kame-kamen gaisuwa. Hansai ta amsa mata a taƙaice, ta ce hannunta da sabulu, ta kawo yarinyar wani lokaci.

Bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama a zaure. Nuhu ne da kura, huhu biyu daga Alhaji Tijjani. Hansai ta ce ya dakata. Ta je ta sauke gwadon daga katanga, ya bushe ƙayau, ya yi fari kamar ba shi ba. Ta kai hanci wajen ninkin, ta juya ɗaya gefen ta sake kaiwa. Sabulu ne kawai da rana. Ta tsaya riƙe da shi na ɗan lokaci, sannan ta shimfiɗa a ƙarƙashin rumfa, ta yayyafa ruwa, ta ɗaga murya ta ce wa Nuhu ya shigo da kayan.